Littafin aiki: gyaran tsarin kamfanin hatsin Kawu a Kumasi, 2024

Asabar, 13 ga Janairu

Kawu so yake a saya masa manhaja. Amininsa mai sayar da kayan mota a Suame ya sa wata bara, duk haɗuwarsu sai ya zaro waya ya nuna masa cinikin jiya, shi ne shi ma ransa ya biya. Na roƙe shi ya dakata kafin a kashe ko sidi ɗaya a kan na'ura. Ya ce, "Uwata, ke da kika karanta kwamfuta, ke ce za ki hana a sayi kwamfuta?" Na ce ba hanawa ba ce, Kawu, so nake mu fara sanin aikin da za mu sa ta.

Ga yadda harkar take a yau, don a san inda aka tashi. Sito biyu ne, babba a Aboabo, ƙarami a Asawase, da rumfa guda a cikin kasuwa. Masara daga Ejura da Techiman da Nkoranza take zuwa, gero da wake kuma daga arewa, wani na Bawku, wani ya tsallako daga Burkina da Nijar. Masu saye galibi mata ne, masu koko da ƙosai, masu dokunu (tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye), masu wakye (shinkafa da wake), sai 'yan tebur masu awo da olonka, gwangwanin da ke zaman mudu a nan. Kusan duk bashi suke ɗauka, in sun sayar su kawo. Lissafi kuwa a warwatse yake: littafi mai baƙin bango a kowane sito, wayar Kawu inda kuɗin MoMo, wato kuɗin da ake turowa ta waya, ke shiga, sai kan Kawu, wanda ya fi sauran duka riƙe abu.

Bayan la'asar na tara mutum uku na yi musu tambaya ɗaya: nan da shekara uku, me ake so kamfanin nan ya zama? Kawu ya ce a ci gaba da rufin asiri, kada a yar da mutanen da aka taso tare. Yaya, babban ɗansa, ya ce a bar wahalar buhu ɗaya-ɗaya a koma wa masu gonar kaji, waɗanda ke kwashe mota guda a tashi ɗaya. Malam akawu ya ce shi dai kuɗin da ke waje ya dawo gida. Kowa da hujjarsa, amma jarin ɗaya ne. Sidin da aka ba mai dokunu bashi ba shi za a kai Ejura a sayi masarar ajiya ba. Da a makon nan aka sayi manhajar, burin wanda ya fi zama kusa da mai sayar da ita za a gina a ciki, sauran biyun su juya mata baya.

Litinin, 29 ga Janairu

Jiya Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar za su fice daga ECOWAS. Labarin ya yi mana aikin da muhawarar mako biyu ta kasa yi. Kawu bai manta da yadda kaya suka maƙale a hanya ba lokacin da aka rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, don haka da bakinsa ya ce masara ce ginshiƙi, wake da gero za a ci gaba da kawowa amma ba za a ƙara musu jari ba.

Daga nan aka samu buri uku da suka shiga shafi ɗaya. Matan nan suna nan daram, sai dai kowacce za a san iyakar bashinta da wa'adinta. Kafin shekara ta ƙare, kashi ɗaya cikin uku na masara ya tafi gonakin kaji bisa yarjejeniya a rubuce. Na uku, wanda na nace a sa, shi ne duk safiya Kawu ya san yawan kayan da ke sito da kuɗin da ke hannu da wanda ke waje ba tare da ya buga wa kowa waya ba. Su ukun suka sa hannu, aka manna kwafi a bangon ofis.

Aikin da zan yi daga nan a manyan kamfanoni sana'a ce mai zaman kanta, wato tsara ginin kamfani gaba ɗayansa. John Zachman na IBM ya fitar da nasa jadawalin a 1987, ƙungiyar The Open Group ta fitar da nata tsarin mai suna TOGAF a 1995, kuma shi muke bi a wurin aikina na dā a Akra. Littafin TOGAF katoto ne, ba kuma zan ɗora wa kamfanin hatsi shi ba. Abin da na ɗauko kawai shi ne hawa huɗun nan da jerinsu: harkar kanta, wa ke yin me; sannan bayanan da harkar ke buƙata; sannan manhajojin da za su riƙe bayanan; a ƙarshe na'urori da wuta da intanet. Mai sayar da manhaja daga hawa na uku yake fara maka zance, domin nan abincinsa yake.

Da Kawu ya ce in yi masa bayani da Hausa, sai na tuna masa gidanmu na gado a Aboabo. Duk wanda ya yi aure ya ƙara ɗaki inda ya ga fili, yau ga shi in aka yi ruwa, magudanar ɗakin wani a ƙofar wani take zuba. Ba wanda ya yi ginin banza, zanen gidan gaba ɗaya ne babu. Ya yi dariya ya ce to, a zana.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Ejura, ranar kasuwa. Na biyo mai saya mana kaya don in ga hawa na farko da idona, na kuma tarar matsalar a hawa na biyu take.

Ga yadda ake saye. Ya cusa hannu cikin buhu har wuyan hannu, ya ɗebo tsaba, ya gatsa ɗaya da haƙori, ya saurari ƙararta, ya watsa sauran a tafinsa yana neman ƙwaro da tsakuwa. Sai a shiga ciniki a kan buhu. Shi kuwa buhun, an cika shi har baki, an danna, an ɗora masa wani ƙyallen buhu a ka kamar hula an ɗinke, mutum huɗu ke cicciɓarsa. A littafin Ejura buhu ɗaya ne. In ya iso Aboabo a farke shi a sake zubawa a namu, wanda aka ɗauka kilo 100 ne, a nan ma a rubuta buhu. A Asawase akwai ƙaramin buhu na kilo 50, shi ma buhu ake rubutawa. Kasuwar hajoji ta GCX, da aka buɗe a 2018, da kilo 50 take ciniki. To in Malam akawu ya ce an sayi buhu ɗari an sayar da ɗari da ashirin, riba aka ci ko asara aka tafka? Babu mai iya rantsuwa. Rarar da ke tsakanin buhun daji da buhun gari ita ce ke biyan kuɗin mota da dako, wani lokaci ita ce ribar gaba ɗaya, kuma ba a rubuce take ko'ina ba.

Sai maganar laima. Masarar yanzu ta ƙaramar damina ce, da aka girbe a Disamba da Janairu, hunturu ya busar da ita. Ta babbar damina, ta watan Agusta da Satumba, cikin ruwa ake cire ta. Lissafin ba wuya: masara mai laima kashi 18 in ta bushe ta sauko kashi 13, inda ake iya ajiye ta lafiya, kowane kilo 100 sai ya rasa kusan kilo 6. Wanda ya saye ta a farashin busasshiya ya sayi ruwa. Haƙori yana gane jiƙaƙƙiya da busasshiya, amma ba ya bambance kashi 13 da 15, mai gonar kaji kuwa a nan yake yanke farashi.

Mun yanke abu biyu a hanyar dawowa, muna gangarowa daga Mampong. Daga yau kilo ne kaɗai ma'auni a littafi, a yi ciniki da buhu a baki in an so, amma a rubuta kilo. Kuma duk mota da ta shigo za a ba kayanta lamba guda, a rubuta inda aka saya, ranar, nauyi da laima, lambar ta bi kayan har su fita. Kenan fasahar farko da kamfanin zai saya sikeli ne mai faɗi guda uku da na'urar auna laima biyu.

Mai sayen namu bai ji daɗi ba, ban kuma ga laifinsa ba. Shekara da shekaru wani ɓangare na ladansa a cikin hular buhun nan yake, kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa. In aka kawo sikeli ba a gyara ladansa ba, ko dai sikelin ya riƙa lalacewa duk ranar kasuwa, ko mu rasa mutumin da manoma suka yarda da shi. Kawu ya ce shi zai zauna da shi, a yanka masa la'ada a kan kowane kilo, a fili.

Asabar, 2 ga Maris

Makon kuɗi. Lambar MoMo ta Kawu ita ce ta kamfani, ita ce ta gida. Cikinta kuɗin masara ke shiga, cikinta ake biyan kuɗin makarantar jikoki, gudummawar suna, da taimakon masallaci. Na buɗe wa kamfani asusun 'yan kasuwa, aka haɗa shi da asusun banki. Abin da ya shawo kan Kawu harajin E-Levy ne, na tura kuɗi ta waya: tun Mayun 2022 ake cirewa, da farko kashi 1.5, daga Janairun 2023 kashi 1, amma biyan kuɗi ga ɗan kasuwa mai rajista da hukumar haraji ta GRA ba ya cikin abin da ake cire wa. Da ya ji matan za su huta da wannan cirar, sai ya daina jan ƙafa. Tun 2018 kuma ana iya turo kuɗi daga wani layi zuwa wani, saboda haka lamba ɗaya ta ishe mu, ba sai mun buɗe a kowane kamfanin waya ba.

Da na fara kwafe littattafan bashi sai na ga mace ɗaya tana da suna uku. A Aboabo an rubuta ta da sunan ɗanta na fari, a Asawase da sana'arta da unguwarta, a wayar Kawu kuma kuɗinta da sunan mai shagon MoMo na bakin titinsu yake shigowa. Wata kuma an rubuta ana bin ta miliyan biyu, na firgita, ashe da tsohon kuɗi dattijon sito yake ƙirga. Tun Yulin 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma shi har gobe sidi 200 miliyan biyu ne. Yanzu kowane mai saye yana da kati ɗan ƙarami mai lamba, lambar ce sunansa a wurin lissafi, a baki kuwa a kira kowa yadda aka saba.

Yaya ya kawo shawarar a ɗauki hoton Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, na duk mai karɓar bashi a ajiye a waya. Na ƙi. Dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta ce a karɓi iya abin da ake buƙata, a kuma tsare shi, wanda ke tara bayanan jama'a ya yi rajista da hukumar kare bayanai. Hoton katin mutane a wayar yaran sito, wayar da ake ba ƙane ya yi wasa da ita, ɗaukar wa kai kaya ne. Suna, lambar waya, unguwa da wanda ya tsaya mata sun wadatar. Wanda ya tsaya matan ma ya fi katin amfani, don shi za a je wa.

Juma'a, 15 ga Maris

Azumi ya kama, jiya kuma intanet ta ɗauke. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, abin ya shafi ƙasashe da dama. Duk abin da ya dogara da intanet ya koma rarrafe ko ya tsaya cak.

A makon jiya wani mai sayar da manhaja ya zo ya nuna mana tasa, kyakkyawa ƙwarai, amma ba ta buɗewa sai da intanet. Da ita muke amfani, da jiya ba a fitar da buhu ko ɗaya da rasit ba, a makon da masu koko da ƙosai suka fi kowane lokaci ɗibar gero da wake saboda buɗa-baki. Littafin baƙin bango bai san an yi wani abu ba. Na ƙara ƙa'ida a ƙasan shafin burin nan: duk abin da za a kawo sito, dole ya yi aiki ba intanet, ba wuta, na tsawon yini, in sun dawo ya aika abin da ya tara. Ɗauke wutar da ake ta yi tun farkon shekara ma ta isa dalili.

Laraba, 17 ga Afrilu

An sha Sallah, an koma aiki. Yau aka kai hawa na uku da na huɗu, kuma abin da aka zaɓa ba zai burge aminin Kawu na Suame ba. Rasit ne mai kwafi uku, fari na mai saye, ɗaya na sito, ɗaya na ofis. Waya guda a kowane sito mai ɗauke da fom na manhajar KoboCollect, wanda ke cikuwa ba intanet ya tura daga baya. Komai ya taru a shafin lissafi na Google Sheets, Malam akawu ya duba da yamma a kwamfutar ofis, wadda aka haɗa wa batir da faifan sola ɗaya.

Dattijon sito na Aboabo ba ya karanta boko, da ajami yake rubutunsa, amma lamba ba ta ba shi wuya. Don haka fom ɗin lambobi ne da hotuna: hoton masara, hoton wake, hoton gero, kibiya mai shiga, kibiya mai fita. Tambaya biyar, an gama. Na so in sa goma sha, na tuna duk tambayar da aka ƙara, ranar da mota biyu suka iso tare ita za a fara tsallakewa.

Na san wannan tsari ba zai ɗauke mu shekara biyar ba. Amfaninsa shi ne kafin mu biya kuɗi mai yawa, mu ga ko mutanen za su iya riƙe al'adar rubutawa. Kuma duk wanda za mu sayi manhaja a wurinsa nan gaba, sharaɗi na farko shi ne mu iya kwashe bayananmu duk ranar da muka ga dama.

Asabar, 25 ga Mayu

Yau aka yi zaman da ya fi kowanne zafi. Bashin da ke waje ya fito a shafi guda, an jera shi daga wanda ya fi daɗewa. Tun Janairu Yaya yake cewa matan nan ne suka riƙe jari. Shafin ya ce ba su ba ne. Mai koko ta ɗauka Asabar ta kawo Asabar, don in ba ta kawo ba ba ta da na dama gobe. Mai dokunu kwana goma, in ta yi nisa mako biyu. Kuɗin da ya kwana ya tashi a waje yana hannun manya: wani mai kwangilar ciyar da ɗalibai da shi ma yake jiran a biya shi, 'yan kasuwa biyu masu sari, sai dangi. Mutum bakwai sun riƙe fiye da abin da matan duka suka riƙe.

Ɗakin ya yi tsit da aka zo kan sunayen dangi. Malam akawu ya sunkuyar da kai, ya daɗe da sani, ba shi da bakin faɗa ne. Na lura da wannan: abin da ma'aikaci ba zai iya gaya wa maigida ba, takarda tana iyawa, ba kuma wanda zai ce ta yi rashin kunya.

Na yi wa Kawu lissafin abin da jira ke ci. Hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022, yanzu ta sauko amma tana sama da kashi 20. Bashin da ya yi wata shida a waje, ko an biya shi cif, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa ya tafi. Ga sidi kuma yana ta zamewa a gaban dala tun farkon shekara, buhu da man mota da maganin ƙwari duk suna bin dalar.

Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Uwata, na ji. Amma akwai wadda mijinta ya rasu, marayu biyar, in ta zo na'urarki ta ce ta kai iyaka, sai in kore ta?" Wannan tambaya ce ta gaske, kuma da na ce masa ƙa'ida ƙa'ida ce, da a ranar za a jefar da tsarin gaba ɗaya, domin shi ba don ya kori irin wannan mata ya kafa kamfani ba. Abin da muka tsayar shi ne yaran sito ba su da ikon wuce iyakar kowa, Yaya ma ba shi da shi, Kawu kaɗai ke da shi. In ya wuce, rarar ta koma wani shafi mai sunansa, a cire daga kasonsa na riba in ba a biya ba. Alherinsa yana nan yadda yake so, sai dai yanzu ya san nawa ne, kuma ba daga kuɗin sayen masara yake fita ba. Ya ce wannan ya yi, har ma zai sauƙaƙa masa lissafin zakka.

Dangin kuwa ya ce a bar masa su. Ban tambayi yadda zai yi ba.

Talata, 2 ga Yuli

Gonar kaji ta farko ta karɓi kaya, ta hanyar Yaya. Abin da suka nema: takardar nauyi, laima kada ta wuce kashi 13, takardar neman biya mai lambar harajin kamfani, biya ta banki, da sakamakon gwajin gubar fumfuna, wato aflatoxin, wadda ke rage ƙwai tana kashe tsaki. Banda gwajin, wanda muka kai samfur ɗakin gwaji, duk sauran a hannu suke saboda sikeli da lambar kaya. A Janairu da ko ɗaya ba mu da shi.

Sai dai sai bayan kwana 30 za su biya. Wato babban mai sayen da aka ce zai raba mu da bashi ya fi mai koko jan lokaci sau huɗu, a kan kuɗi mai yawa. Buri na biyu yana cin na farko. An rage shi: kashi ɗaya cikin huɗu bana, gona biyu kawai, ta uku sai an ga yadda biyun ke biya.

Laraba, 28 ga Agusta

Shekaranjiya gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa waje, saboda ruwa ya ɗauke makonni a arewa da tsakiyar ƙasa a daidai lokacin da shuka ke buƙatarsa. Farashi dama yana sama, yanzu kowa yana riƙe abin da ke hannunsa. Tun asuba waya ke ƙara, masu sari suna taya abin da ke sito da kuɗi a hannu, sama da farashin da muka yi da gonakin kaji.

Kafin azahar aka zauna. A dā irin wannan zama kwana biyu yake ci, a aika yaro ya ƙirgo buhu, a yi gardama a kan ƙirgar. Yau shafi aka buɗe: ga kilo nawa a Aboabo, ga na Asawase, ga wanda aka yi wa gonaki alkawari zuwa ƙarshen Satumba, ga abin da matan ke ɗiba a mako. Da aka cire waɗannan, abin da ya rage ba shi da yawa, kuma shi kaɗai ne namu da za mu iya sayarwa yadda muka so.

Yaya ya so a jinkirta wa gona ɗaya a sayar wa masu kuɗi a hannu, ribar a bayyane take. Ni na ce in muka saɓa a karon farko da farashi ya motsa, takardar da muka sa wa hannu ta zama banza, shekarar da aka yi ana gini ta tafi. Kawu bai bi ta hanyata ba, bai bi ta Yaya ba. Cewa ya yi shi bai taɓa ɓoye abinci ana nema ba, bai kuma taɓa cin alkawari don farashi ba, ba zai fara da furfura ba. A ba gonaki nasu, a ware na matan na mako shida kada a taɓa, ragowar a sayar a farashin yau.

Wata tambayar ta taso daga nan. Masarar babbar damina ta fara fitowa daga inda aka samu ruwa, jiƙaƙƙiya. Shanya a tamfol a bakin sito ba za ta kai mu kashi 13 a kan lokaci ba cikin wannan hadari. Yaya yana so a sayi injin busarwa. Na ce a duba shafin burin: mu masu saye da ajiya da rarrabawa ne, injin kuwa wata biyu zai yi aiki a shekara ya kwanta wata goma, ga mai, ga gyara, ga mai kula. Bana haya za mu yi a wurin masu shi a can Ejura, a rubuta abin da aka kashe a kan kowane kilo. In lissafin shekara biyu ya nuna saye ya fi, a saya.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Inda aka kwana. Sito biyun suna cike fom kullum, na Aboabo ma ya fi na Asawase tsafta, dattijon ya mayar da abin gasa. Saƙo yana shiga wayar Kawu da ƙarfe bakwai na safe da lamba uku: kaya, kuɗi a hannu, kuɗi a waje. Jikarsa ke karanta masa yana shan koko. Huɗu daga cikin mutum bakwai ɗin nan sun biya, mai kwangilar ɗalibai yana kawowa kaɗan-kaɗan, biyun da suka rage dangi ne.

Rumfar kasuwa ce ta ƙi. Ciniki a can da olonka ne, hannu da hannu, cikin turmutsutsu, yarinyar da ke tsaron rumfar ba ta da sararin taɓa waya. Mun daina matsa mata. Yanzu ana auna abin da aka kai mata da safe, a auna ragowar da yamma, a karɓi kuɗin bambancin, shigarwa biyu a rana. Mai saya mana a Techiman kuma har yanzu da buhu yake aiko da lissafi, sikelinsa wai batir ya mutu. Kawu zai je da kansa mako mai zuwa da maganar la'ada irin ta Ejura.

Shafin Google ya fara nauyi, Malam akawu ya goge layi bisa kuskure har sau biyu, ba kuma ya nuna wanda ya canza me sai an tona. Lokacin manhajar ya zo. Na rubuta abin da muke nema a shafi biyu: kilo, lambar kaya, laima, iyakar bashi da ikon Kawu shi kaɗai, aiki ba intanet, haɗuwa da asusun MoMo na kamfani, da kwashe bayanai. An aika wa kamfanoni uku, har da wanda ya zo a Maris, na kuma sa wani yaro da ya gama jami'ar KNUST ya gwada mana manhajar ERPNext, wadda ba a biyan lasisinta, don mu san kuɗin kula da ita. Duk wanda zai zo nuni, a siton Aboabo zai yi, ranar da mota ke sauke kaya, dattijon ne zai riƙe wayar.

Girbin arewa zai fara shigowa ƙarshen wata. Kafin nan akwai buhunan PICS, waɗanda ba sa shigar da iska, da za a saya don wake, da sabunta yarjejeniyar gona ta biyu, wadda ta nemi a ƙara mata kaya a kuma ƙara mata kwana. Zaman wannan ranar Asabar ne bayan la'asar.